Guduma da Likkafa a Cikin Kunne: Asalin Kalmomin Kimiyya Masu Wuyar Faɗa

 



Zan fara da abin da ya tara mu. An ce muku ku zo lacca. Wannan kalma ta shigo mana daga Turanci, shi kuma Turanci ya ɗauko ta daga Latin, harshen Rumawa, inda legere ke nufin karantawa. A jami'o'in Turai na da, kafin a sami injin ɗab'i, littafi ya fi ƙarfin ɗalibi, sai malami ya tsaya ya karanta nasa, su kuma su rubuta. Wanda ya zo nan a mota, sunan abin hawansa Latin ne, ma'anarsa mai motsarwa. Wanda ya biya ta asibiti ya shiga masaukin baƙi, domin hospes baƙo ne, ko mai masaukinsa. Likitan da ya duba shi kuwa, sunansa daga docere ya fito, wato koyarwa. Alƙalamin da ke aljihunku ma, masana harshe suna haɗa shi da kalamos na Girkawa, karan da ake feƙewa a yi rubutu. Mu daga Larabawa muka karɓe shi, har da al ɗinsa. Saboda haka kada wani ya ce mini Girkanci da Latin baƙi ne a bakinsa. Tun safe kuke yin su.

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne wata ɗaliba da na taɓa koyarwa. Yarinya ce mai ƙoƙari, ba ta wasa da karatu. A jarrabawa ta rubuta hyperglycaemia daidai, ko harafi ɗaya ba ta kuskure ba. Bayan kwana biyu na tambaye ta da Hausa, mene ne wannan abin? Sai ta yi shiru, ta sunkuyar da kai. Ta haddace kalmar kamar yadda ake haddace lambar waya. Ban ga laifinta ba, domin haka aka ba ta. Laifin namu ne masu riƙe da alli.

Abin takaicin kuma, maganin wannan matsala yana gidanmu tun kafin zuwan boko. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya san ba a tsayawa a hadda. Malam ya ja baƙi, ya fasa shi kalma bayan kalma da Hausa. In an kai ga sarfu, ana koya wa almajiri ya mayar da kowace kalma tushenta: ya ga kitab, ya ga katib, ya ga maktaba, ya gane kaf da ta da ba ne suka haife su duka. Daga ranar da ya riƙe wannan, ko ya gamu da kalmar da bai taɓa ji ba, ba ya razana. To, Turancin kimiyya ma yana da sarfunsa. Kalmar da ta gagari ɗalibata gida uku ce: hyper, fiye da kima, glykys, zaƙi, haima, jini. Zaƙi ya yi yawa a jini. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane wannan.

Bari mu shiga cikin kunne, don a nan na fi son in nuna muku irin mutanen da suka raɗa waɗannan sunaye. Bayan dodon kunne akwai wasu ƙasusuwa uku a jere, su ne mafiya ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. In sauti ya bugi dodon kunne, na farko ya motsa na biyu, na biyu ya motsa na uku, shi kuma ya tura motsin cikin wani murɗaɗɗen bututu mai ruwa, daga nan jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. A littafi za ku ga malleus, incus, stapes, cochlea. Da Hausa: guduma, uwar maƙera, likkafa, katantanwa. Masanan Italiya na ƙarni na 16 da suka feɗe kunne suka ga waɗannan abubuwa, ba su nemo wata kalma daga sama ba. Sun duba maƙerar unguwarsu da sirdin dokinsu. Wani likita ɗan tsibirin Sisili mai suna Ingrassia shi ake jingina wa gano na ukun a 1546, kuma duk wanda ya ga hoton ƙashin nan, wanda tsawonsa bai wuce milimita uku da ɗan wani abu ba, zai rantse likkafa ce aka ƙera wa dokin aljanu. Wani abin lura: Rumawan farko ba su san likkafa ba, haka nan suke hawa doki ƙafa na reto. Kalmar stapes daga baya aka ƙirƙire ta. Ashe Latin ɗin kimiyya ma ba duka ne tsohon Latin ba, ana yi masa ƙari in buƙata ta taso.

In kuka bi sauran jiki, kayan gida za ku yi ta tsinta. Muscle, wato tsoka, asalinta musculus, ɗan ɓera. Ku lanƙwasa hannu ku dubi damtse yana gudu a ƙarƙashin fata, kamar ɓera ya shiga ƙarƙashin tabarma. Tibia, ƙashin ƙwauri, sunan sarewa ne. Siririn da ke gefensa, fibula, ƙarfen da Rumawa ke maƙale mayafi da shi. Clavicle ɗan mabuɗi. Pelvis daro. Ramin da kan cinya ke zama a ciki, acetabulum, ɗan ƙoƙon da ake zuba ruwan tsami a kan teburin cin abinci. Patella ɗan faranti, kuma a nan nake so ku tsaya, don mu ƙoƙon gwiwa muke ce masa. Muna da ƙoƙon kai, muna da allon kafaɗa, muna da gadon baya. Mahaucin Kano da likitan Rum hanya ɗaya suka bi: ka ga abu, ka kira shi da sunan abin da ya yi kama da shi. Bambancin kawai, nasu an rubuta shi, ya ƙetare teku, ya dawo mana cikin farar riga muna jin tsoronsa.

Ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa, wanda muke kira beli, sunansa uvula, ƙaramin inabi. Tun da na ambace shi, zan yi roƙo ga iyaye mata da ke nan: halitta ce ta kowa, ba cuta ba ce, kuma likitoci sun sha ganin jariran da zubar jini ko ƙwayar cuta ta galabaitar bayan an cire musu shi.

Yanzu mu gangara hanji, inda akwai labarin da ya kamata kowane ɗalibin Musulunci ya sani. Kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wani likita Bagirke mai suna Herophilus yana aiki a Iskandariyya ta Masar. Ya auna farkon ƙaramin hanji, daga inda tumbi ya ƙare, ya ga faɗin yatsa goma sha biyu ne, sai ya kira shi da haka: dodekadaktylon. Ƙarnoni suka shuɗe. A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, aka tashi juyar da littattafan likitocin Girkawa, Jalinusu da Buƙuraɗu, zuwa Larabci, kuma babban gwanin wannan aiki shi ne Hunainu ɗan Is'haƙ, wanda ya rasu a 873. Larabawa ba su ɗauki doguwar kalmar nan suka ɗora wa ɗalibansu ba. Suka fassara ta, suka ce isna ashar. Da aka zo ƙarni na 12, a birnin Toledo na Andalus, Gerard mutumin Cremona ya juya littafin Alƙanun na Ibn Sina zuwa Latin, shi ma ya fassara: duodenum, sha biyu-sha biyu. Ita ce ɗalibanmu ke haddacewa yau.

Yankin hanjin da ke biye da shi ya fi daɗin ji. Masu feɗe gawa sun riƙa tarar da shi wayam, babu abinci a ciki. Girkawa suka ce nestis, wanda bai ci ba. Larabawa suka ce assa'im. Latin ya ce jejunum. Duka ukun ma'anarsu ɗaya: mai azumi. Ku gaya mini, yaron da aka ce masa a cikinsa akwai hanji mai azumi, yaushe zai manta?

A kan ƙwaƙwalwa kuma akwai mayafai uku. Na waje mai kauri ana ce masa dura mater, na can ciki mai laushi pia mater. Mater uwa ce. Me ya kawo uwa cikin ƙoƙon kai? Ba salon Girkawa ba ne, ba kuma na Rumawa ba. Salon Larabawa ne, masu kiran abin da ya rungumi wani abu ummu. Likitocinsu sun ce al'ummul jafiya da al'ummur raƙiƙa, masu fassara na ƙarni na 11 da na 12 suka kwashe su haka nan zuwa Latin. Bature na iya ganin baƙon abu a nan. Bahaushe mai cewa uwar kuɗi, uwar hanji, uwar garke, ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Waɗannan mayafai a jumlace su ne meninges da Girkanci. Ƙara musu itis, wadda a bakin likitoci ke nufin kumburi, ka sami meningitis. Mu kuma muka ce sanƙarau. Ina son ku auna sunayen biyu. Na Girkanci yana gaya wa likita inda cutar take. Namu yana faɗin abin da uwa ke gani da idonta cikin zafin bazara: wuyan yaro ya sanƙare. Kowanne da aikinsa, kuma ma'aikacin lafiyar da ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya rabin ma'aikaci ne. Da itis ɗin nan kaɗai kun buɗe ƙofofi da yawa: hepar hanta, nephros ƙoda, gaster tumbi, arthron gaɓa, derma fata. In kun ga ectomy a ƙarshen kalma, an yanke an fitar. In kun ga algia, zogi ne. In kun ga a ko an a farko, babu ce. Tushe talatin ko arba'in irin waɗannan sun ishi ɗalibin shekarar farko ya daina tsoron littafinsa.

Guda biyu daga ciki ba na wasa ba ne: hyper da hypo. A kunne kusan ɗaya suke, a ma'ana kishiyoyi ne, sama da ƙasa. Mai ciwon suga da ya faɗi saboda sugansa ya yi ƙasa, zaƙi yake buƙata nan take. In aka ɗauka sama ya yi aka ƙara masa insulin, ana iya rasa shi. Wannan kaɗai ya isa hujja a kan cewa sanin tushen kalma ba ado ba ne.

To, amma akwai gargaɗi, kuma ina so ku riƙe shi da kyau. Hausawa sun ce suna linzami ne, amma linzami ba shi ne doki ba. Tushen kalma yana gaya maka abin da mai raɗa sunan ya gani, ko abin da ya zata, a zamaninsa. Ba ya yi maka alkawarin cewa ya yi daidai. Malaria daga Italiyanci ne, mala aria, mugunyar iska, don sun ɗauka tururin fadama ke kawo zazzaɓi. Sai a 1880 Laveran, likitan sojan Faransa a Aljeriya, ya ga ƙwayar cutar cikin jinin majiyyaci, a 1897 kuma Ronald Ross a Indiya ya same ta a cikin sauro. Suna bai canza ba. Influenza tasirin taurari ne. Melancholy baƙar matsarmama ce, sauda'u ta littattafan ɗibbu, wadda aka ɗauka ita ke jawo baƙin ciki. Ina kawo waɗannan ne saboda masu yi wa sunanmu na shan inna dariya, wai camfi ne. Gaskiya ne, sunan yana ɗauke da tsohon zaton cewa iska ce ta shanye ƙafar yaro. Amma kowace al'umma tana da irin wannan a bakinta. Abin da ake nema shi ne a san gaskiyar lamarin, kuma a nan kalmar Girkanci ta taimaka: polios toka-toka, myelos ɓargo ko laka, itis kumburi. Ƙwayar cuta ce ke lalata sashen laka mai ruwan toka, inda jijiyoyin motsa ƙafa suke tasowa, rigakafi kuma yana tare ta.

Manyan masana ma sun yi irin wannan tuntuɓe. Lavoisier na Faransa ya raɗa wa iskar da muke shaƙa oxygen, daga oxys, tsami, da genes, mai haifarwa, bisa zaton babu wani asid da ba ta cikinsa. A 1810 Humphry Davy a Ingila ya nuna akwai asid mai ƙarfi da babu ita ko kaɗan. Atom ma'anarsa abin da ba ya yankuwa. A 1897 Thomson ya gano akwai abin da ya fi shi ƙanƙanta a cikinsa, a 1945 kuma mutanen Hiroshima suka ga abin da ke faruwa in an fasa shi. Casimir Funk a 1912 ya ce vitamine, yana zaton dukansu daga dangin sinadarin amine suke. Da aka ga ba haka ba ne, sai a 1920 aka guntule harafin ƙarshe aka ci gaba da tafiya.

Wani lokaci kuma sunan yakan faɗa daidai har ka yi mamaki. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro sunansa Anopheles, wato marar amfani, kuma an raɗa masa shi a 1818, shekaru kusan tamanin kafin a san aika-aikarsa. Ƙwayar da ta fi kashe yaranmu, falciparum, daga falx ne, lauje, saboda siffar da take ɗauka a wani matakin rayuwarta cikin jini. Laujen nan ya sake fitowa a wata cutar. Mu a Najeriya muna cewa sikila, daga kalmar Turanci ta lauje. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram a asibitinsu drépanocytose suke ji, daga drepanon, laujen Girkawa. Iyali ɗaya, ciwo ɗaya, iyaka ta raba musu suna, alhali duka biyun abu guda suke faɗa: ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Tsargiya kuma Schistosoma ce, tsagaggen jiki, don namijin tsutsar yana da tsaga a tsawonsa inda macen ke kwanciya.

Me ya sa Turawa suka nace wa harsuna biyu da ba na uwayensu ba? Amsar tana cikin labarin Michael Faraday. Ɗan maƙeri ne a Landan, bai yi karatu mai zurfi ba, a shagon ɗinkin littattafai ya koyi sana'a, a nan kuma ya riƙa karanta abin da aka kawo ɗinki. Ya zama babban masanin lantarki na zamaninsa. A 1834 yana binciken yadda wuta ke raba sinadaran da ke narke cikin ruwa, sai ya ga abubuwan da ba su da suna. Tsofaffin kalmomin da ake da su suna ɗauke da zaton da bai yarda da shi ba. Sai ya rubuta wa William Whewell, malami a Kambirij wanda ya san Girkanci, suka yi ta musayar wasiƙu har suka tsaya a kan anode, hanyar hawa, da cathode, hanyar sauka, da ion, mai tafiya. Kun ga dalilin. Harshen da ba a ciniki da shi a kasuwa ba ya sauya ma'ana da sauri, kuma Bajamushe da Bafaranshe da Ba'ingile duk sun karanta shi a makaranta, babu mai cewa an fifita harshen wani. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne, mai ɗakin gwaji ya san yana buƙatar mai ilimin harshe, bai kuma ji kunyar neman sa ba.

Ita kanta kalmar lantarki tana da nata tarihin. Elektron a Girkanci sunan wani ƙaron itace ne da ya daskare shekaru aru-aru ya zama kamar dutse, ruwan zuma, irin wanda ake yin carbi mai tsada da shi. In an goga shi a tufa yakan janyo tsinke da gashin tsuntsu. William Gilbert, likitan Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, a littafinsa na 1600 ya kira wannan hali electricus. Farisawa sun kira ƙaron nan kah-ruba, mai fizgar tsinke, daga nan Larabawa suka sami kahraba, sunan lantarki a wurinsu har gobe. Harsuna biyu, kowanne ta hanyarsa, suka koma ga dutsen carbi ɗaya.

Sunayen itatuwa kuwa, a nan raina yakan ɗan sosu. Tun daga Linnaeus na Suwidin a 1753 ake ba kowane tsiro suna biyu. Wasu bayani ne tsantsa: gyaɗa Arachis hypogaea ce, hypo ɗin nan da kuka sani, da ge, ƙasa, mai 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa. Zogale Moringa oleifera, mai ɗauke da mai. Tsamiya Tamarindus, tamar hindi na Larabawa, dabinon Indiya. Amma kuka Adansonia digitata ce: digitata don ganyenta kamar yatsu, Adansonia don Michel Adanson, Bafaranshen da ya je Senegal a 1749. Ɗorawa Parkia ce, don Mungo Park, kuma sunan ya fito ne a 1826 cikin ratayen littafin tafiyar Denham da Clapperton, wanda ya shigo Kano da Sakkwato a 1824. Hano Boswellia dalzielii ne, don Dalziel, likitan da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916. Shi kam ya yi mana aikin da za a gode masa. Gawo fa? Itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi kore da rani ya ciyar da dabbobi, wanda manomi ba ya sa masa gatari, sunansa a littafi Faidherbia albida, don Faidherbe, sojan da ya yi gwamnan mulkin mallaka a Senegal daga 1854. Ba na cewa a yi watsi da sunayen, don da su masanin Zariya ke fahimtar masanin Tokyo. Amma ɗalibi ya san cewa a cikinsu akwai tarihin wanda ya riƙe alƙalami, kuma kakarsa ta san gawo kafin a haifi Faidherbe.

Ƙofar ba a rufe take ba. A 1935 likita Cicely Williams, tana aiki a Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu, ta rubuta a mujallar Lancet game da ciwon yaran da ke kumbura, gashinsu ya yi ja. Ba ta je Girkanci ba. Ta saurari iyayen yaran, ta ɗauki kalmarsu ta harshen Ga, kwashiorkor, ciwon da yaro ke yi in an yi masa ƙane an ture shi daga nono. Mu masu maganar kwanika mun san wannan hoto. Kalmar ta ƙunshi sanadin cutar fiye da duk abin da za a ƙera daga Latin, kuma yau babu makarantar likitanci a duniya da ba a karanta ta.

Akwai wata kalma da nake ajiyewa don ɗalibai masu cewa kimiyya ba ta da daɗi. Kun san ƙamshin da ke tashi ranar ruwan farko, bayan wata shida ko bakwai ƙasa na toyuwa, lokacin da yara ke fita tsakar gida, manomi kuma ya shiga ɗaki ya duba irinsa. Turanci bai da kalma guda ta wannan ƙamshi sai a 1964, da wasu masana biyu a Ostireliya, Isabel Bear da Richard Thomas, suka yi bincike a kansa suka buga a mujallar Nature. Suka kira shi petrichor: petra, dutse, wanda ke cikin fetur ɗinmu, man dutse, da ichor, ruwan da tatsuniyoyin Girkawa suka ce shi ke gudana a jijiyoyin gumakansu maimakon jini. Babban abin da hanci ke kamawa a ciki wani sinadari ne, geosmin, daga ge da osme. In kun fassara, ƙamshin ƙasa, kalma da kalma yadda muke faɗa. Wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune cikin turɓaya ne ke yin sa, ana kiran su Streptomyces, kuma daga danginsu aka samo streptomycin a 1943, maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Daga ƙamshin ruwan shuka zuwa maganin tarin fuka, kalma uku ce tsakani, in an buɗe su.

Saboda haka ina da roƙo. Malaman sakandare da na kwalejojin kiwon lafiya, ku ware minti biyar a kowane darasi, ku rubuta sabuwar kalma a allo, ku raba ta gida-gida, ku faɗi ma'anar kowane gida da Hausa kafin ku shiga bayani. Ba za ta ci muku manhaja ba, za ta rage muku maimaici. Ɗalibai, ku sayi ƙaramin littafin rubutu ku keɓe shi don tushen kalmomi, duk wanda kuka tsinta ku sa shi, ku sa ma'anarsa, ku sa sunan da ake kiran abin a gidanku. In ba ku sani ba ku tambayi mahauci, ku tambayi ungozoma, ku tambayi makiyayi. Malamanmu na sashen Hausa da na sashen likitanci da na aikin gona kuma, tsakaninku tafiyar minti goma ce a harabar jami'a ɗaya. Harshen da ya ƙera jirgin sama da hawan jini da ƙwayar cuta ba zai gaza a kan sauran ba. Ku zauna tare kamar yadda Faraday da Whewell suka yi, ku fitar mana da littafin da yaron aji huɗu zai buɗe ya ga jejunum, ya ga mai azumi a gefensa.